Nisan Alje

Har yau in na ji mutum yana fahariya da saurin jirgin sama, yana cewa ya karya kumallo a wannan birni ya yi sallar azahar a wancan, sai in ji raina ya ɓaci alhali bai yi mini laifin komai ba. Irin wannan maganar ce ta shigo gidanmu a shekarun fari, zamanin mulkin soja, ta kusa kashe mahaifiyata da yunwa ga hatsi a gabanta.

Mu biyu ne maza a wurinta, mahaifinmu kuwa ya rasu tun muna ƙanana. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kuma kallon idona in muna magana. “Kai” ne sunana a bakinta, da na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa sai ta koma kirana Mushe, yadda mutanen gari ke kiran malaman boko. Ƙanena shi ne Auta, shi ake yi wa dariya, shi ake ɓoye wa ƙanzo a ƙarƙashin faifai. Ban ƙi shi ba, Allah ya sani, amma ba zan yi ƙarya in ce abin bai taɓa sosa mini rai ba. Ya fi ni kai, ya kuma fi ni baki nesa ba kusa ba. Da ya gama karatu a Yamai gwamnati ta tura shi Alje, babban birnin Aljeriya, ya ci gaba.

Ƙauyenmu yana arewa da Urafan, inda gonakin gero suke ƙarewa cikin rairayi. Inna ba ta taɓa wuce Tasawa ba, amma ta san arewa a kunne fiye da ni da nake koyar da ita a allo. Mahaifinta ɗan ayari ne daga Abzin, raƙuma ne suka kawo shi ƙasarmu ya yi aure ya zauna. Ta tashi tana jin sunayen rijiyoyi da duwatsu, da labarin mutanen da suka tafi da kaka ba su dawo ba sai wata kakar, da waɗanda ba su dawo ba sam. Ranar da na gaya mata inda aka kai Auta, tambaya ɗaya ta yi mini: gaba da Agadas ne? Na ce gaba ƙwarai, sai an ƙetare hamada duka an kai bakin teku. Ta gyaɗa kai, ta shafa fatiha, shi ke nan. A wurinta wanda ya ƙetare hamada ya fita daga lissafin jira, addu'a kawai ake bin sa da ita. Shekaru suka wuce tana cikin wannan haƙuri, tana nomanta na gayauna, tana ƴar sana'arta ta daddawa, ban taɓa jin ta ce ya daɗe ba.

Damina ta farko da ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, sai ga wani abokin Auta ɗan Mayahi ya zo hutu. Tare suke karatu can. Ya biyo ta Tasawa ya ce in raka shi ya gai da Inna, yana da saƙon dabino da mayafi. Yaro ne mai kirki, sai dai irin mutanen nan ne da ba su iya barin shiru ya zauna a ɗaki. Muka tashi da safe cikin kamiyo, babbar motar kaya ta ƴan kasuwa, zuwa Urafan, daga nan muka hau amalanken jaki, ba mu isa ba sai da la'asar ta yi sanyi.

Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta yi ta juya mayafin a hannu tana sansana shi. Can ta dube shi da tausayi, ta ce, “Sannu da hanya, ɗana. Wata nawa kunka yi kahin ku iso?”

Ya ƙyalƙyale da dariya. “Wata kuma, Inna? Ai jirgi ne. Alje na karya kumallo, hantsi ya ɗaga munka tashi, sallar azahar kuwa Yamai na yi ta.”

Ta ajiye mayafin. “Hantsi zuwa azahar?”

“Wallahi, Inna. Ko barci ban gama ba anka ce mu sauka.”

“Ni in na tashi nan da hantsi bisa jaki,” in ji ta a hankali, “kasuwar Urafan ma sai azahar ta gota nike shiga.” Sannan ta ce, “To kai ka zaka. Shi mi ya riƙe shi?”

Yaron ya saci kallona, ya ce jarrabawa ce, karatun Auta ya fi nasa nauyi. Inna ta ce Allah ya taimaka, ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta ƙara fitowa ba sai da za mu yi sallama washegari.

A hanyar komawa na wanke shi tas. Na ce wa ya aike ka? Tsohuwa ta tambaye ka wata nawa, sai ka ce da dama, Inna, ka wuce. Ya bar ni na gama, sannan ya matso kusa don kada mai amalanke ya ji, ya gaya mini abin da ya riƙe Auta. Ƙanena ya zama bakin ɗalibanmu na can. Ya tashi a taro ya yi magana kan ɗaliban da aka tsare a gida, ya kuma ce akwai yunwa a ƙauyuka, a lokacin da masu mulki ba su so a faɗi haka a ƙasar waje. Maganar ta riga shi isa Yamai. Wani na cikin hukuma da ya san su ya aika musu cewa in Auta ya sauka daga jirgi, ba gida zai kwana ba. Auta kuma ya ce kada a gaya wa Inna ko da wasa.

Na yarda da Auta a kan wannan, don na san uwata. Da ta ji, da washegari ta ɗaura zane ta tafi ƙofar mai gari, daga nan har ofishin hukuma a Tasawa, tana roƙo da ƙarfi a yafe wa ɗanta, kowa na ji. A waɗannan shekarun magana kan tashi daga bakin rijiya da safe, kafin rana ta faɗi tana kunnen jandarma. Ni kaina ma'aikacin gwamnati ne, ina da mata da ƴaƴa, kuma na ga malamai ƴan'uwana da aka ɗauke daga aji aka jefa can ƙarshen ƙasa saboda abin da bai kai wannan ba.

Da na koma ƙauye bayan ƴan makonni, na tarar an share ɗakin Auta, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar tabarma. A bakin ƙofa ga ƙwarya rufe da faifai. Na buɗe na ga fura ce damammiya. Na tambayi tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ko baƙo aka yi. Ta ce babu baƙo, haka Inna take yi kullum tun ranar da muka tafi.

Sai na tuna. Al'adar gidan mahaifinta ce, ta sha ba mu labari muna yara. In ayari ya kai zangon ƙarshe, ya rage tafiyar da ba ta kai yini ba, akan turo mai bushara ya riga su isowa. Daga wannan lokacin matan gida sukan share ɗakin matafiyi, su dama masa fura su rufe, kuma ba mai zuwa kasuwa, ba mai kwana a wani gari, har sai ya shigo ya tarar da kowa. In la'asar ta wuce bai iso ba, a ba da furar sadaka, gobe a dama sabuwa. A da wannan jiran yini ɗaya ne ko biyu, don raƙumin da ya kai zangon ƙarshe ba ya komawa baya. To yanzu an gaya wa Inna cewa tsakanin ɗanta da ƙasarsa hantsi ne zuwa azahar. A lissafinta yana zangon ƙarshe ke nan, kuma abokinsa mai bushara ne.

Da farko dariya na yi, na ce za ta gaji ta bari. Ba ta gaji ba. Damina ta biyu ta zo ta fi ta farko muni, aka yi shuka aka sake, iri ya ƙare a ƙasa. Rumbuna suka koma wurin kwanan kaji, daga baya kajin ma suka ƙare. Shanu suka mutu a hanyar rijiya, nono ya zama labari. Mata suka shiga jiƙa ƴaƴan hanza na daji kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, suna tsinkar ganyen jiga, wasu har suna tona gidan tururuwa. Duk ƙarshen wata nakan ɗauko hatsi daga Tasawa, wani lokaci gero, wani lokaci jar dawar nan ta taimako mai kama maƙogwaro, in kai mata abin da zai ishi mutum ɗaya in ya yi tattali. Ita kuwa mutum biyu take ciyarwa. Takan raba awon yini biyu, ta dama rabon Auta da ruwa ta rufe, da la'asar ta ba jikokin maƙwabciyarmu su shanye. Kafin wata ya raba, hatsi ya ƙare, sai ganye. Na ƙara mata daga bakin ƴaƴana, sai ta ƙara wa Auta.

Na ce ta zo Tasawa ta zauna da mu har ruwa ya sauka. Matata ta gyara mata ɗaki. Ta ce, “In tashi gida matahiyi na bisa hanya? Ya iske ƙohwa ruhe? Ba a yi haka ba gidan ubana, ba ni ka hwara shi ba.”

Na ce ai ko ya zo, ta Tasawa zai biyo, a can zai same ki. Ta ce ba ta san wannan ba, ɗakinsa nan yake.

Wata rana har taswirar aji na naɗe na ɗauko, ina ji da kaina. Na shimfiɗa ta a tsakar gida na danne da duwatsu. Na ɗauki zare na auna mata daga Tasawa zuwa Yamai, na ce kin ga wannan ɗan guntun, kamiyo kan kwana a hanya kafin ya ci shi, ga shingayen soja ga faci. Sannan na ja zaren daga Yamai zuwa Alje, ya kusa ninka wancan sau huɗu, ya ratsa duk ƙasar da mahaifinta yake ba da labari ya wuce. Na ce nisan da kika sani yana nan, Inna, ba inda ya tafi. Jirgi ne kawai yake tsallake shi, kuma jirgi ba jaki ba ne da za a kwance a bayan gida a hau. Ta saurare ni har na gama, tana kallon zaren ba ni ba.

“Mushe,” ta ce, “takardar nan taka ta taɓa zuwa Alje?”

Na ce a'a.

“Yaron nan ya je ya komo, ya zamna nan bisa tabarmata. Naɗe abinka kada akuya ta ci.”

Akuyar ma babu ita a lokacin, an sayar. Na naɗe taswirata ina huci.

Abin da ya fi ci mini rai, ba yunwar kaɗai ke cin ta ba. Da can in ta ambaci Auta, fuskarta sakewa take yi. Yanzu kuwa kullum la'asar sai ya sake ƙin zuwa. Ta fara tambayar kanta da ƙarfi ko ya yi mata a can, ko wata Balarabiya ta riƙe shi, ko kunyar ƙauye yake ji yanzu da ya saba da bene. In jirgi ya wuce can sama ya bar farin layi, takan fito ta dafa danga ta bi shi da ido har ya ɓace, ko da gabas ya nufa. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, zoben azurfarta ya koma faɗuwa daga yatsa sai ta ɗaure shi a bakin zane.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na iso ne a gajiye, na yi rabin hanya a ƙasa da buhu a ka domin jakin mai amalanke ya kwanta ya ƙi tashi. Na tarar da ita zaune a inuwar rumbu, ko tashi ba ta iya yi da sauri, ga ƙwarya can a rufe a ƙofar ɗakin da ba kowa. Na ce ta sha. Ta ce ba tata ba ce. Na ce to ni ba ni in sha, tun asuba ban sa komai a cikina ba. Ta ce in jira la'asar. Wallahi ban san lokacin da na fara ɗaga mata murya ba. Na ce ni da nake ɗauko hatsin nan a kaina ba a taɓa dama mini an rufe ba, sai wanda ke can yana cin burodi da man shanu. Na ce in ta mutu a nan ni za a zaga, ni za a nuna a Tasawa a ce ga wanda ya bar uwarsa ta bushe a ƙauye. Da na yi shiru sai ta ce, tana kallon ƙasa, “Kai ai kana nan.” Na daɗe ina juya wannan magana, har yau ban yanke ko yabo ne ko sallama ba.

Ƙauyen ya yi ta watsewa. Masu ƙarfi suka yi kudu, Katsina da Kano, wasu suka tare a bakin Tasawa da Maraɗi inda ake rabon abinci. Kowane zuwa sai in tarar an ƙara toshe ƙofofi da ƙaya. Da maƙwabciyarmu ta ce ita ma ɗanta zai zo ya kwashe su, na san magana ta ƙare, don ita ce mai jawo wa Inna ruwa, rijiyar kuwa ta yi zurfin da tsohuwa ɗaya ba ta iya ja.

Cikin wannan hali ne wani direban kamiyo ya tsaya a ƙofar lakwal ya ce abokin Auta, wanda a lokacin ya gama karatu ya kama aiki a Yamai, ya ba shi saƙon baki. Labarin Inna ya kai Alje, ban san ta bakin wa ba. Auta ya ji cewa ta ƙi tashi, tana ajiye masa fura tana kwana da yunwa. Ya ce zai shigo jirgi da zarar an rufe makaranta, komai zai faru ya faru. Abokin ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu ya ƙi ji, kuma waɗanda ke jiransa ba su manta da shi ba.

Ban koma aji ba ranar. Washegari na isa ƙauye, na sa maƙwabciya ta kori jikokinta waje, na zauna kusa da Inna fiye da yadda na taɓa zama. Na ce albishirinki, Auta zai zo. Ta ɗago, na ga fuskar da na yi shekaru ban gani ba, har na ji kamar in tsaya a nan. Amma na ci gaba. Na gaya mata komai, abin da ya faɗa a taro, da abin da aka aika musu, da inda ake kai irinsu, da yadda wasu ke dawowa ba haƙora, wasu a ce da iyayensu an yi musu canjin wuri. Na ce duk shekarun nan ba ƙin ki ya yi ba, hana shi aka yi, kuma yanzu saboda furarki zai kawo kansa.

Ta saurare ni har na kai ƙarshe. Sannan ta ce, “Tun yaushe ka sani?”

Na gaya mata.

Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta ce, “Wanga jirgi, in ya taso, ana iya tare shi bisa hanya a ce ya koma?”

Na ce ba ya tsayawa ko'ina, daga can sai Yamai.

“Ashe ba ya da zango,” in ji ta. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in nemo amalanke.

Kayanta duka ba su cika amalanken ba: tukwane biyu, turmi, akwatin ƙarfe, da tabarmar ɗakin Auta da ta naɗe da kanta. Ba ta waiwaya ba har muka fita gari. A Tasawa matata ta yi ta ba ta kunu kaɗan kaɗan har cikinta ya karɓa. Amma hankalinta ba a kan abinci yake ba. Ta ce a aika wa Auta ya zauna. Na ce an aika, ba zai yarda da bakina ko na abokinsa ba, zai ce mun shirya ne. Sai ya ji daga bakinta. Abokin ya aiko mini da lambar wayar gidan da ɗalibai ke kwana a Alje, saboda haka da ta ɗan yi ƙwari na sa ta a mota muka tafi gidan waya na Maraɗi.

A hanya na yi ta ja mata kunne. Kowa ya san wayar ƙasar waje ba mutum biyu kaɗai ke jin ta ba. Na ce kada ki ce soja, kada ki ce kamu, kada ki ce ana jiransa. Ta ce to mi za ta ce? Na ce ki ce kin dawo Tasawa, kina ci kina sha, ya zauna ya gama karatunsa.

Muka ba da lamba muka zauna a benci tun safe har rana ta take. Inna ta ƙanƙame zanenta tana kallon mutane suna shiga ɗan ɗakin katako suna ta ihu su kaɗai. Da aka kira mu, muka matsu a ciki mu biyu. Wani Balarabe ya ɗauka, na yi masa Faransanci, ya tafi kiransa. Can na ji takun gudu, sai muryar ƙanena, ta yi kauri, amma ita ce. Na ce ga Inna, na kara mata abin a kunne, na sa nawa kunnen kusa.

“Auta?” ta ce, da ƙarfi kamar mai kira daga gona.

“Inna! Inna, ke ce?”

Ta faɗi abin da na koya mata, ba ta bar ko ɗaya ba. Tana Tasawa gidan yayansa, tana ci tana sha, ya zauna ya gama karatu. Ya ce ya ji, amma muryarta ba ta mai ƙoshi ba ce. Ya ce ya riga ya yanki biye, wato tikitin jirgi, ba abin da zai hana shi ganinta da idonsa, in ya gan ta ya koma. Ta ce ba ta so. Ya yi dariya irin tasa, ya ce, “Haba Inna, yini guda ma bai kai ba. Ki dama mini hura kawai.”

Ta dube ni ido cikin ido tana neman abin da za ta ce, ni kuwa ba ni da shi. Matar da ke haɗa layi tana can bayan teburinta da abin ji a kunnuwanta. Sai Inna ta juya mini baya, ta gyara tsayuwa, ta yi magana da wata murya da ban san tana da ita ba.

“Saurara, in ni na haihe ka. In ka taka ƙasar nan ban ce ka zo ba, ban yahe maka nonon da ka sha ba, duniya da lahira. Ka ji ni?”

Layin ya yi shuu kamar iska cikin kara. Sannan ya ce, “Inna, mi na yi miki?” Ba ta amsa ba. Ya ce, “Inna?” Ta cusa bakin zane a bakinta ta cije. Ya sake kira, ya kuma sakewa, muryarsa tana tsinkewa kamar ta yaro. Ta miƙo mini wayar ba tare da ta juyo ba, na ajiye.

Bai zo ba, ba a kama shi ba. Daga baya na sami matafiyi amintacce na aika masa da bayanin komai, ya ce ya gane. Inna ta ga ruwa ya dawo, ta ga gero ya yi zangarniya, ta rayu wasu damina a gidana, ta rasu kafin a sassauta wa irinsu Auta su dawo gida. Ba su sake jin muryar juna ba, don ko na ce mu koma gidan waya takan ce a'a, in ya ji ta yi laushi zai taso.

Amma a ranar da muka yi wayar ban san duk wannan ba. Mun fito, rana tana dukan gudron, wato titin kwalta, ga mutanen ƙauyuka zube a gindin bango da ƙoƙunansu suna jiran rabo. Inna ta yi ƴan taku, sai ta zauna a ƙasa cikinsu kamar ɗaya daga cikinsu. Na durƙusa na ce ta yi daidai, ta cece shi. Ba ta ji ni ba. Hawaye suna bin ramukan kumatunta, tana ta murza kunnen da ta kara wayar.

“Yana ta kirana,” ta ce. “Tun da na haihe shi bai taɓa kirana na ƙi amsawa ba.”